Garwashi Ɗaya Daga Zambarta

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafa mata duwatsu, ya ɓoye wuta a cikin ɗanyen itace, ya yanke wa kowane abu ranar zuwansa da ranar komawarsa. Ku matso kusa, ku da kuke tambaya me ya sa ba a kashe wuta da ruwa a gidana. Yau zan ba ku amsa, amma kada kowa ya katse ni, don na tsani a katse ni.

Ni ne Cindo ɗan Maƙera, mai yatsu shida a hannun dama. Tun ina saurayi Allah ya jarrabe ni da abu biyu: son sanin sirrin wuta, da bakin da yake riga hankalina fita. Na ji fatake suna labarin wasu ƙasashe uku a bayan duniya inda wuta take tsufa kamar mutum. Na ce ƙarya ne, kuma don in tabbatar ƙarya ne na ɗebi wutar maƙerar ubana a kasko, na kama hanya ina ciyar da ita gawayi.

Na ratsa Dajin Ƙararrawa, inda 'ya'yan itatuwa suke kaɗawa duk lokacin da matafiyi ya yi cika baki. Abokan tafiyata sun roƙe ni don Allah in yi shiru, kunnuwansu sun gaji. Na haye kogin da yake gudu zuwa tudu, na bi ta garin da tsuntsaye suke yin alƙalanci, har bayan shekara ɗaya da wata uku na iso inda nake nema.

Ƙasashen uku suna zaune ne kamar duwatsun murhu, tsaunuka sun kewaye su. Kurmasa tana can sama, inda sanyi yake fasa tulu. Zambarta tana yamma, ƙasar gero da rumbuna. Dalanga tana gabas, ita ce mai bakin teku. A ƙasashen nan ƙyastu ba ya tashi, ko ka yini kana bugawa. Wuta kuwa kwana arba'in take rayuwa. Daga kwana talatin sai ta fara fari-fari, zafinta ya ragu, ran arba'in ta mutu ko da ka tula mata itacen daji guda. Maganinta ɗaya ne: a kawo garwashi mai rai daga ƙasar maƙwabta a haɗa mata, sai ta koma sabuwa dal. Ba ta kuma karɓar garwashi daga ƙasar da ita ta ba wa, don haka abin zagaye yake yi. Kurmasa ta ɗebo daga Zambarta, Zambarta daga Dalanga, Dalanga daga Kurmasa. Garwashin sata kuwa ba ya ƙetare iyaka da rai. Sai mai ƙasa ya miƙo shi da hannunsa ya ce, "Ga ta, a yi girki lafiya."

A Kurmasa na sauka, a ƙofar Iya Tabawa, wadda ake kira Uwar Murhu, don ita take kula da babban murhun da duk ƙasar take ɗiba. Na dire kaskona a gabanta na ce zamanin roƙon wuta ya ƙare, ga wutar waje na kawo musu, wadda ba ta san tsufa ba. Tsohuwar ta leƙa kaskon, ta dube ni.

"Yau kwananta nawa da shigowa, ɗan nan?"

"Kwana biyu, Iya."

"To, zauna ka ci tuwo. Saura talatin da takwas."

Ran arba'in wutar ubana ta mutu a kan idona, ina hura ta kamar mahaukaci. Na yi kuka, ba na ɓoyewa. Iya Tabawa ta rufa mini asiri, ba ta gaya wa kowa ba. Ta koya mini dakon garwashi, yadda ake binne shi a toka, yadda ake gudu da shi ba a bari iska ta cinye shi ba. Bayan shekara biyu ta ba ni 'yarta Lantana, mace mai dariya da hanci kuma mai harshe ya fi nawa kaifi. Na zo neman sirrin wuta, na samu mata. Ban yi asara ba.

A shekarata ta bakwai a can, Barde Gwabro, shugaban dakarun Kurmasa, ya tumɓuke sarki ya hau karaga. Ban yi kuka don sarkin ba, ban kuma yi tafi don Barden ba, duk su biyun ba wanda ya taɓa tambaya ko mun ci ko ba mu ci ba. Amma sarkin ya gudu ƙetaren teku ya faɗi a gaban Daular Tagulla yana neman a mayar da shi. Su kuwa sun daɗe suna haɗiyar yawu a kan shuɗin dutsen da ke tsaunukanmu. Kashegarin ranar da na kawo garwashi na ƙarshe daga Zambarta, jiragensu suka cika bakin tekun Dalanga, suka sauke giwayen tagulla ɗari uku, kowace da wuta a cikinta, wutar ce take sa ta tafiya.

Kurmasa ba ta da bakin teku, ba a kuma isa gare ta sai ta ƙasar maƙwabta. Don haka Zarkabu, jagoran rundunar, ya nemi abu ɗaya daga kowace maƙwabciya. Dalanga ta ba shi hanya. Zambarta kuma ta hana mu garwashi, sanyi ya yi masa rabin yaƙin. Da suka ce ai in wutar Kurmasa ta mutu tasu ma za ta bi, sai ya yi dariya ya ba kowace fada kaskon tagulla cike da wutarsa, ya ce wannan ba ta tsufa har abada. Sarkin Dalanga ya buɗe hanya, ya daina ma aikowa a ɗebi namu. Sarauniya Hajjo ta Zambarta ta rufe iyaka. Masu dakonmu uku suka je, aka koro su da tsinin mashi.

Ran da wutarmu ta cika kwana talatin Lantana ta haihu. 'Ya mace, da yatsu shida a hannun dama, ni da ita kamar an tsaga kara. Murnata ba ta kai azahar ba. Kun san mai jego sai da ruwan zafi safe da yamma, sai da wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa. A Kurmasa wannan ba al'ada ba ce kawai, rai ne, don mai jegon da sanyi ya shiga jikinta ba ta ganin arba'in. Aka ɗora tukunyar wanka tun hantsi, har la'asar ruwan bai wuce ɗumi ba. Na ji haƙoran Lantana suna haɗuwa daga bakin ƙofa.

Iya Tabawa ta kira ni, ta tsaya a bayan zana kamar yadda surukai suke yi.

"Malam Cindo, kai kaɗai ne ka taɓa ganin mutuwar baƙuwar wuta. Na rufe maganar shekara bakwai don mutuncinka. Yanzu ina so ka je ka tona ta da bakinka a gaban Sarauniya."

"Iya, in kun ce in je, na tafi. Amma an ce duk wanda ya matsa iyaka..."

Muryar Lantana ta fito daga ɗaki, tana rawa amma kaifinta na nan. "Maigida, shekara biyar kana cika mini kunne da surutu kyauta. Yau ga ranar da bakin zai yi amfani, ka tsaya kana amma?"

Kashegari da asuba na rataya kaskona na fita. Kwana tara ke gare ni.

Na gangaro tsauni cikin kwana biyu, na iso kogin iyaka. A can masu gadin Zambarta suke, shugabansu wani dogo mai suna Gajere, wanda na sha furar gidansa ba adadi. Dokar da aka ba su ita ce duk mai hawa Kurmasa a dulmiya shi cikin kogi har kansa ya nutse, kada ya wuce da ko tartsatsi. Mai saukowa kuma a miƙa shi ga sojojin Tagulla da suka yi sansani a gefe.

"Cindo, me ya kawo ka?" in ji Gajere, idonsa ya kaɗa. "Ƙanwata tana aure a Kurmasa. Kana tsammani daɗi nake ji? Koma, ban gan ka ba."

"Ka gan ni," na ce da ƙarfi yadda baƙin za su ji. "Maƙeri ne ni, aiki nake nema!"

Na lura da wani abu tun daga nesa: hayaƙin giwayen ya yi yawa, tafiyarsu kuma ta yi nauyi. Maƙeri ya san abin da wannan yake nufi. Sojojin suka yi ca a kaina, suka dubi tabon ƙuna a hannuwana, ba su ko tambayi sunana ba suka tura ni cikin babbar giwar Zarkabu ta wata ƙofa a ƙarƙashin cikinta. Masu zuga suke nema ruwa a jallo.

Kai, jama'a, cikin giwar nan abin kallo ne! Tanderu a tsakiya, bututu sun bi ta ko'ina kamar jijiyoyi, sarƙoƙi suna hawa suna sauka, zugazugi kuwa na fatar sa guda. Da ba don Lantana ba da na roƙi a bar ni shekara a ciki. Na kama zuga, na dubi wutar. Kore shar take, kyakkyawa, tana lasar bakin tanderu. Amma gumi bai karyo mini ba. Na yi aiki a gaban wuta tun ina shekara shida, ban taɓa tsayawa kusa da tanderu haka ba ba tare da gashin hannuna ya babbake ba.

Kashegari da hantsi na ga sirrin. Zarkabu da kansa ya shigo, gajere ne mai faɗin ƙirji, ya kwance wata jakar fata daga ƙugunsa ya watsa wani gari a tanderun. Wutar ta ƙara kore. Ƙurar tagulla ce, irin wadda take zuba in ana goge tasa. Kowane ɗan maƙera ya san in ka watsa ta a wuta harshenta yakan koma kore. Ashe wutarsa ta fara fari-fari tuni, yana shafa mata kwalliya kamar tsohuwa za ta biki. Na cije leɓena don kada in yi dariya.

Kwana huɗu na yi ina zuga, rundunar tana jan ciki zuwa birnin Zambarta. Zarkabu yana so ya yi wa Sarauniya Hajjo nunin ƙarfi, don ta ƙara masa da mayaƙanta da geron rumbunanta, a hau Kurmasa cikin gaggawa. Ni na san dalilin gaggawar. Kowace safiya ina ƙirga kwanakin wutarmu da yatsuna, ranar nunin ta zo daidai da talatin da takwas.

Aka jera giwaye a filin fada, ganguna suna tashi. Ta wata 'yar kafa na hango Sarauniya a ƙarƙashin laima, dattijuwa mai ƙiba, kaskon tagullar nan na kyauta yana ci kore a gefenta. Babbar giwa ta matso don ta durƙusa ta yi gaisuwa, Zarkabu yana bisa wuyanta yana jan sarƙa. Ta lanƙwasa ƙafar gaba ɗaya. A nan na saki zugazugi.

Giwar ta yi wani nishi, ta ƙame da ƙafa ɗaya a lanƙwashe, ta karkace. Zarkabu ya zamo ta kan hancinta ya faɗo tim a gaban jama'a. Na banke ƙofar ciki na mirgino waje, baƙi ƙirin da gawayi, na zura da gudu mashi yana wuce kunnena, na faɗa cikin inuwar laimar Sarauniya. A Zambarta duk wanda ya shiga wannan inuwa ba a taɓa shi sai ya gama magana.

"Ranki ya daɗe, ni ne Cindo mai dakon garwashin Kurmasa!"

"Na gane ka, sarkin surutu," in ji ta. "Yi maganarka, amma inuwar nan tana matsawa."

Karo na farko a rayuwata na rasa doguwar magana. Na naɗe hannun rigata na cusa hannun dama cikin koren wutar kaskon, har wuyan hannu. Mata suka yi ihu. Na bar shi a ciki, na ƙirga yatsuna da ƙarfi, ɗaya har shida, na sake ƙirgawa, sa'an nan na zaro shi na ɗaga sama. Ko gashi ɗaya bai ƙone ba.

Na faɗa mata komai: wutar ubana da na shigo da ita ina taƙama, yadda ta mutu ran arba'in, jakar ƙurar tagulla, da Lantana da take rawar sanyi da jaririya a gefenta. Zarkabu ya taso yana kakkaɓe ƙasa, yana cewa tsafi ne.

Sarauniya ba ta kula mu ba. "A kawo mini tukunya da ruwa," ta ce. Ta ɗora da hannunta a kan kaskon, ta zauna. Fili ya yi tsit, mutum dubu goma suna kallon tukunya. Aka daɗe, inuwar laima ta matsa na bi ta da rarrafe. Can ta tsoma yatsa, ta ɗaga kai.

"Wannan ko kunun yaye ba za ta dama ba. Zarkabu, da ita za ka riƙe mini ƙasa har abada?"

Mutumin ba wawa ba ne, nan take ya sauya murya. "Ranki ya daɗe, to ki ba ni taki. Ki miƙo mini garwashi in zuba wa giwayena, cikin kwana uku na gama da Kurmasa."

"Au, ashe kai ne za ka ɗebi wuta a gidana," in ji ta. "In ka gama da Kurmasa, Dalanga ta ɗebo a ina? In ta Dalanga ta mutu, ni in ɗebo a ina? Kai jirginka yana jiranka a bakin teku. Ni ƙasata ba ta da filafili."

Ta aika aka kawo garwashi daga murhun fada, ja wur, ɗan kwana goma sha biyar. Zarkabu ya miƙa hannu. Ta wuce shi ta zuba a kaskona.

"Ga ta, a yi girki lafiya. Ka gaida mini mai jego. Ka kuma gaya wa Barde Gwabro ba don shi na yi ba, maganarsa tana nan tsakaninmu maƙwabta."

Aka ba ni taguwar Sarauniya, raƙuma mai gudu kamar iska. Ban kai bakin gari ba na ji ƙasa tana girgiza. Zarkabu ya tara gawayin giwaye goma a cikin guda ɗaya, ya sa mutum shida suna zuga, ya biyo ni da kansa. Na rungume kasko a ƙirji, na dunguri taguwa. Muka keta gonakin gero, giwa tana tattake rumbuna a bayanmu, tana busa hayaƙi, hancinta yana kai wa rawanina cafka. Sau biyu na ji hucinta a ƙeyata. Wallahi tsoro ya kama ni, amma wani irin daɗi ma ya kama ni, har na sami kaina ina yi wa raƙumar kirari.

Da la'asar ta kashegari muka iso kogin iyaka, taguwa ta durƙushe don gajiya. Ruwa ya kai wuya, ga kasko a hannuna, ga giwa tana tahowa. Gajere ya dubi garwashin, ya dubi hatimin Sarauniya a wuyan raƙumar, ya jefar da mashinsa.

"Ku ɗauke shi!" ya daka wa mutanensa tsawa.

Mutanen da aka ajiye don su dulmiya masu wuta, su suka ɗaga ni sama a kan kafaɗunsu, suka shiga ruwa da ni ina riƙe da kasko bisa kaina. Giwa ta afko kogin a bayanmu. Ruwan sanyi ya taɓa cikinta, gajiyayyiyar wutar ta yi tsuwwa, giwa ta tsaya cak a tsakiyar kogi da hanci a sama. Tana nan har yau, mata suna shanya wanki a kan haurenta.

Hanyar kwana biyu na hau cikin ɗaya, da ƙafa, da gwiwa, da farce. Ran arba'in da rana tsaka na faɗo gidan murhu. Jama'ar gari sun kewaye shi shiru, sun lulluɓa da duk abin da suka mallaka. A tsakiyar toka saura ƙwayar wuta ɗaya, fara, ba ta fi wake ba. Iya Tabawa ta karɓi kaskon, ta kifa. Numfashi ɗaya, biyu, ba komai. Sai wuta ta yi wani tsalle har ta lashi rufin, ja jawur, tana ruri. Mata suka ɓarke da guɗa, kowa ya miƙo kaskonsa.

Ban tsaya ba sai ƙofar ɗakinmu. Aka ɗora tukunya, ta tafasa tana kumfa. Na zauna a waje ina jin ana fyaɗa ganyen wanka, sai ga ihun Lantana: "Wayyo Iya, za ku dafa ni!" Ban taɓa jin waƙa mai daɗin wannan ihun ba. Na kifa kai a gwiwa na yi kuka na biyu a ƙasar Kurmasa.

Kwana ɗaya bayan haka wutar giwaye ɗari uku ta mutu gaba ɗaya. Sojojin Tagulla suka koma bakin teku da ƙafa, suna tauna ɗanyen gero.

A rana ta uku manzo ya iso daga Dalanga, ya durƙusa a ƙofar gidan murhu. Wutarsu saura kwana biyu. Barde Gwabro ya aiko cewa kada a ba su ko toka. Karo na farko na yarda da Barden. Na tashi na zazzage wa manzon duk abin da ke cikina, su da suka buɗe wa giwaye hanya, su da suka so matata ta mutu. Ina cikin yi Iya Tabawa ta fito da kaskona cike da garwashi, ta ajiye a gabana.

"Iya, ku gafarce ni, wannan kam ba zan kai ba. Ko ƙafata ba ta warke ba."

Lantana ta ɗaga labule, fuskarta ta yi jajir da ɗumi, jaririya a kafaɗarta. Ta dube ni, ba dariya ba faɗa.

"Maigida, a Dalanga ma ana haihuwa."

Na sunkuya na ɗauki kaskon, na gyara tokar, na ce wa manzon ya tashi mu tafi, rana tana yi.

Nan labarin ya tsaya, shi ya sa har yau ba a kashe wuta da ruwa a gidana. Wanda ya ji ya riƙe, wanda ya yi gyangyaɗi ya tambayi na kusa da shi. Kai kuma da ke bakin murhu, tura itacen nan ciki.